Lasifika a Kan Keke: Yadda Bangladesh Ta Rage Mutuwa a Bakin Teku

A daren 12 ga Nuwamban 1970 mahaukaciyar guguwa ta taso daga Tekun Bengal ta afka wa gaɓar Pakistan ta Gabas, ƙasar da ake kira Bangladesh a yau. Kafin gari ya waye ta hallaka aƙalla mutum 300,000, kuma har yanzu tarihi bai rubuta guguwar da ta fi ta kisa ba. Shekara 37 bayan haka, a Nuwamban 2007, guguwar Sidr, wadda ba ta gaza waccan ƙarfi ba, ta bugi gaɓa ɗaya, aka rasa kimanin mutum 3,400. Ana yawan jingina wannan bambanci ga tauraron ɗan'adam da ci gaban hasashen yanayi. Bayanin yana da daɗin ji, amma ya tauye haƙƙin waɗanda suka yi aikin.

Irin wannan guguwa a kan teku ake haihuwarta. Idan zafin saman ruwa ya kai wajen digiri 26 zuwa 27, tururi yakan tashi da yawa, ya hau sama ya yi sanyi ya zama gajimare. A daidai lokacin da yake komawa ruwa yakan saki zafin da ya ɗauko, zafin ya ƙara cilla iska sama, a ƙasa kuma a sami gurbi da iskar kewaye ke rugowa ta cike. Juyawar duniya ce ke karkatar da wannan iska har ta kama kewaya tsakiya guda. Muddin tana bisa ruwa mai ɗumi, ci take yi tana ƙiba.

Sai dai ba iskar ce ta fi kisa ba, ruwan da take turowa gabanta ne. Tekun Bengal kamar mazurari yake, yana tsukewa ta arewa, ga shi ba zurfi kusa da gaɓa, don haka ruwan da aka koro ba shi da wurin zuwa sai sama. A 1970 ya yi toroƙo har kusan mita 10 a wasu wurare, ya hau tsibirai irin su Bhola da ƙasarsu da ƙyar ta ɗara teku tsayi. Mutane na barci.

Abin lura shi ne an ga guguwar tana tafe, rediyo kuma ta yi gargaɗi. Amma masunci da manomin tsibiri ko dai ba su ji ba, ko sun ji ba su gane nauyinsa ba, wanda ya gane kuma bai da inda zai gudu. Sakacin gwamnatin Janar Yahya Khan wajen kai agaji ya ƙara hura wutar da ta ba jam'iyyar Sheikh Mujibur Rahman rinjaye a zaɓen Disambar shekarar, aka kai ga yaƙi da ɓallewa a 1971.

A 1972 aka kafa shirin tunkarar guguwa ƙarƙashin ƙungiyar agaji ta Red Crescent, daga baya gwamnati ta shigo. Kayan aikinsa ba su da wani kwarjini: 'yan sa-kai daga cikin ƙauyen, da keke, da lasifikar hannu, da tutoci masu nuna matakin haɗari. Duk da haka guguwar Afrilun 1991 ta kashe kusan mutum 138,000 a yankin Chittagong, domin mafaka ta yi kaɗan, kuma da yawa sun ƙi fita. Dalilansu ba na wauta ba ne. Talaka ba zai bar saniyarsa, wadda ita ce dukiyarsa duka, saboda gargaɗin da a baya ya sha zama ƙarya ba. Mata sun mutu fiye da maza nesa ba kusa ba: wasu sun tsaya jiran izinin miji da ba ya gida, wasu suna riƙe da yara, wasu doguwar suturarsu ta naɗe su a cikin ruwa.

Gyaran da ya biyo baya shi ne ya cancanci yabo, don ya saurari waɗannan dalilai maimakon ya zargi mutane da taurin kai. An gina dubban mafaka na kankare a kan ginshiƙai, aka mai da su makarantu a sauran ranaku, ta yadda kowane yaro ya san hanya. An tara tuddai don dabbobi. An ɗauki mata cikin 'yan sa-kai, saboda mace na shiga inda namiji zai tsaya a ƙofa. Gargaɗin da maƙwabci ya kawo da bakinsa ya fi sanarwar babban birni shiga kunne.

Mai musu zai ce Sidr ta sauka ne lokacin da teku ya janye, kuma dajin Sundarbans ya rage mata kaifi. Gaskiya ne. Amma wata shida kacal bayan haka guguwar Nargis ta bugi Myanmar, maƙwabciya mai gaɓa iri ɗaya. Masana yanayi na Indiya sun yi gargaɗi kwana biyu kafin nan, gwamnatin soja ba ta kwashe mutane ba, aka rasa kusan 138,000. Tauraron da ya ga Sidr ya ga Nargis. A Mayun 2020, ana tsakiyar annobar korona, Bangladesh ta kwashe fiye da mutum miliyan 2 kafin isowar Amphan, waɗanda suka mutu a ƙasar ba su kai 50 ba.

Abin da shirin bai iya karewa ba shi ne gona. Bayan guguwar Aila ta 2009 ruwan gishiri ya fasa madatsai ya kwanta a gonakin shinkafa na kudu maso yamma, wasu suka yi shekaru ba su nomu ba, iyalai da dama da suka fito daga mafaka da rai suka ƙare a unguwannin talakawa na Khulna da Dhaka.