Kafin ka yanke hukunci a Facebook, ka san masu karanta ɓaraguzai

Ka lura da abin da ke faruwa duk ranar da bene ya rufta ko kasuwa ta kama da wuta? Tun ba a gama zaro mutane daga ƙarƙashin ƙasa ba, an riga an kammala shari'a a Facebook da TikTok. Wannan ya ce an yi ha'incin siminti, wancan ya ce aikin maƙiya ne, wani ya ce wurin dama akwai iskoki, wani kuma ya ce ƙaddara ce kowa ya kama bakinsa. Wataƙila kai ma ka taɓa tura irin wannan saƙo zuwa wani zaure na WhatsApp. Bayan kwana uku sai wani sabon labari ya fito, a manta da wancan, har sai wani ginin ya sake danne wasu.

A ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a unguwar Ikoyi ta Legas ya rushe, mutum sama da 40 suka rasu. A ranar 12 ga Yuli, 2024, ginin makarantar Saint Academy a Jos ya rufta kan ɗalibai ana tsaka da karatu, aka rasa rayuka 22. Mun yi kuka, mun yi addu'a, mun zagi wanda muka ga dama. Amma tambayar da za ta ceci ɗalibin wata makarantar ita ce: wane ginshiƙi ne ya fara karyewa, kuma me ya sa? Akwai mutanen da amsa wannan tambaya ce sana'arsu. Injiniyoyi ne da masana kimiyya masu binciken musabbabin haɗari, kuma ra'ayina shi ne muna matuƙar buƙatar matasanmu su shiga wannan aiki, sauranmu kuma mu koyi jiran sakamakonsa.

Bari ka ji yadda aikin yake. A ranar 17 ga Yuli, 1981, a otal ɗin Hyatt Regency da ke birnin Kansas na Amurka, jama'a na cikin shagali a babban zauren ƙasa sai wasu barandodi biyu na tafiya da aka rataye a sama, ɗaya a hawa na huɗu ɗaya a hawa na biyu, suka rufto musu. Mutum 114 suka mutu, sama da 200 suka jikkata. Da a zamanin waya ne, da an ce rawar da mutane ke yi ce ta girgiza ginin, shi ke nan an rufe magana. Sai wata jarida ta garin, Kansas City Star, ta ɗauko wani injiniya mai suna Wayne Lischka. Ya duba zanen ginin na asali, ya duba abin da ya faɗo, ya ga ba su yi daidai ba.

A zanen farko, doguwar sandar ƙarfe guda ce za ta sauko daga rufi ta riƙe barandar sama, ta zarce ta riƙe ta ƙasa. Lokacin aiki sai aka raba ta biyu: ɗaya ta riƙe barandar sama, ɗayar kuma aka maƙala ta a jikin barandar saman don ta riƙe ta ƙasa. Ka ɗauka guga biyu ne cike da ruwa a rijiya. Idan kowanne an ɗaure shi a jikin igiya, kowane ƙulli nauyin guga ɗaya yake ɗauka. Idan kuwa ka rataye na ƙasa a jikin mariƙin na sama, mariƙin nan ya ɗauki nauyi ninki biyu. Abin da ya faru ke nan. Hukumar ma'auni ta gwamnatin Amurka ta yi nata gwaje-gwajen ta tabbatar da haka, daga baya kuma injiniyoyin da suka amince da zanen suka rasa lasisinsu na aiki. Har gobe ana koyar da wannan labari ga ɗaliban injiniya a ƙasashe da yawa.

To su wane ne waɗannan masu bincike, kuma daga ina suke fitowa? Abin da zai ba ka mamaki shi ne yawancinsu ba su fara da sunan masu binciken haɗari ba. Kowannensu ya fara ƙwarewa ne a wani fanni guda, har ya san shi ciki da bai.

Ke 'yar uwa da ake ce wa injiniyanci na maza ne, ga Constance Tipper. An haife ta a Ingila a 1894, ta yi karatu a Cambridge, ta shafe shekaru tana nazarin yadda ƙarfe yake a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta ƙera jiragen ruwa na dakon kaya sama da 2,700 da ake kira Liberty. Wasunsu suka riƙa tsagewa, har akwai waɗanda suka rabe gida biyu. Nan da nan aka ɗora laifin kan masu walda, tunda an haɗa jiragen ne da walda cikin gaggawa. Tipper ta nuna cewa matsalar ta fara ne daga ƙarfen kansa: irin ƙarfen da aka yi amfani da shi yana lanƙwasa idan da ɗumi, amma idan sanyi ya kai wani mataki, irin na arewacin tekun Atlantika, sai ya koma karyewa kamar tangaran. Ka ga da an tsaya kan zargin farko, da an hukunta leburori, jirage kuma su ci gaba da nutsewa.

Ga kuma labarin jirgin sama ƙirar Comet, jirgin fasinja mai injin jet na farko a duniya, wanda Birtaniya ke alfahari da shi. A watan Janairun 1954 ɗaya ya tarwatse a sama kusa da tsibirin Elba na Italiya, mutum 35 suka mutu. A watan Afrilu wani ya sake tarwatsewa kusa da Naples da mutum 21. Mutane suka yi ta zargin bam. Masu bincike a cibiyar Farnborough, ƙarƙashin jagorancin Arnold Hall, suka sa aka tsamo tarkacen daga ƙarƙashin teku suna haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Sannan suka ɗauki gangar jikin wani jirgin irinsa suka saka a wani ƙaton tankin ruwa, suna ƙara matsi suna ragewa, kamar jirgin yana tashi yana sauka. Bayan jimillar tashi da sauka kusan 3,000, jikin ya tsage daga wata kusurwa. Kai ma ka san idan ka yi ta lanƙwasa waya gaba da baya, a ƙarshe karyewa take yi. Wannan ita ake kira gajiyar ƙarfe, kuma abin da aka koya daga wannan tanki ya canza yadda ake ƙera jirage. Duk alhajin da ya tashi daga Kano ya sauka Jidda lafiya yana cin moriyar wannan haƙuri.

A cikin waɗanda suka zauna tattauna faɗuwar Comet akwai wani ɗan Ostireliya mai suna David Warren. Ilimin sinadarai ya karanta, kuma man jirgi ne fanninsa. Mahaifinsa ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1934, yana ɗan shekara tara. Shi ne ya ce da akwai na'urar da ke naɗar maganar matuƙa da bayanan injin, da ba a sha wannan wahalar hasashe ba. Da farko ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba, amma ya dage har ya ƙera samfurinta. Ita ce yau ake kira baƙin akwati, duk da cewa launinta ruwan lemo ne don a yi saurin gano ta cikin tarkace.

Sai dai ilimi kaɗai ba ya isa, sai da ƙarfin hali. A ranar 28 ga Janairu, 1986, kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi, duka mutum bakwai da ke ciki suka mutu. Tun watanni kafin nan wani injiniya, Roger Boisjoly, ya rubuta wa shugabanninsa gargaɗi kan wani zoben roba da ke toshe mahaɗar rokar, kuma a daren jajibirin tashin ya roƙi a ɗage saboda sanyi. Ba a saurare shi ba. A zaman kwamitin bincike, masanin fiziks Richard Feynman, wanda ya ci kyautar Nobel a 1965, ya matse guntun robar ya tsoma a ruwan ƙanƙara a gaban kyamara, ya nuna cewa ba ta komawa siffarta da sauri idan ta yi sanyi. Boisjoly kuwa ya faɗi gaskiya a gaban kwamitin, abokan aiki suka juya masa baya, ƙarshe ya bar kamfanin ya koma aikin binciken haɗurra na ƙashin kansa. Wannan sana'a tana iya sa ka ɓata da manya, gara ka sani tun yanzu.

Na san abin da za ka ce: wannan ai ƙasashen Turawa ne, a nan kwamiti ake kafawa, rahoton ya shige durowa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarka. Sau da yawa muna jin an kafa kwamiti, ba ma jin ƙarshensa. Amma hukumomin suna nan. Akwai NSIB, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar hukumar binciken haɗurran jiragen sama, aka faɗaɗa aikinta har zuwa jiragen ƙasa da na ruwa, kuma tana wallafa rahotanninta a intanet. Akwai COREN mai yi wa injiniyoyi rajista da ladabtar da su. Akwai NBRRI mai nazarin gine-gine da hanyoyi. Tambayar ita ce, cikinmu masu zafin sharhi, mutum nawa ne suka taɓa buɗe rahoto ɗaya suka karanta? Gwamnan da ya san matasa za su dawo bayan wata uku su tambaye shi ina rahoton yake, ba zai ji daɗin ɓoye shi ba. Wanda ya san za mu manta cikin kwana uku, me zai dame shi?

Kada kuma wani ya ce maka bincike jayayya ce da ƙaddara. Mun yi imani da ƙaddara, kuma duk da haka muna kai marar lafiya asibiti, muna kulle shago da dare. Magini da ya rage rodi ya sa kuɗin a aljihu amana ya ci, kuma gano shi kare rayukan bayin Allah ne.

Idan abin ya ba ka sha'awa, hanyar a bayyane take, sai dai doguwa ce. Ka riƙe lissafi da fiziks da kimistiri tun daga sakandare. Ka nemi gurbi a injiniyancin gine-gine, ko na injuna, ko na lantarki, ko na ƙarafa, a wurare irin su ABU Zariya, BUK, ATBU Bauchi, FUT Minna ko Kaduna Poli. Mai son ɓangaren jiragen sama ga kwalejin koyon harkar jiragen sama nan a Zariya, a Ingila kuma jami'ar Cranfield ta yi suna wajen horar da masu binciken haɗurran jirage. Bayan digiri da bautar ƙasa sai rajista da COREN. Daga nan sai shekaru a filin aiki, cikin rana da ƙura, domin wanda bai taɓa tsayawa ana zuba kankare ba, ba zai gane inda aka yi coge ba. Za ka koyi yanko guntun kankare daga ginshiƙi a matse shi a injin gwaji, ka san dalilin da ya sa ake auna ƙarfinsa bayan kwana 28, ka ja rodi har ya tsinke don ka san ingancinsa, ka dubi bakin karayar ƙarfe ka gane ko farat ɗaya ya karye ko ya daɗe yana tsagewa. Ka kuma koyi rubutu da bayani, saboda wata rana alƙali ne zai saurare ka, lauya kuma yana neman inda zai kama ka.

Kai da kake garejin kanikanci ko shagon walda, kada ka raina kanka. Bakaniken da ya iya duban taya ya ce ta fashe ne kafin motar ta kife ko bayan ta kife, ya riga ya fara tunani irin na mai bincike. Abin da ya rage masa shi ne karatu da takardar shaida.

Ko da ba za ka bi wannan layi ba, akwai abin da ke wuyanka. Idan haɗari ya faru a unguwarku, bayan an ceci rai, a bar tarkace inda suke. Rodin da 'yan jari bola ke kwashewa da wayar wutar da ta ƙone su ne shaidun da mai bincike zai yi wa tambaya. Idan ka ɗauki bidiyo, ka adana na asali da lokacinsa ka miƙa wa hukuma, ka daina yaɗa hotunan gawarwakin 'ya'yan mutane don neman mabiya. Idan wani ya turo maka dalilin rushewar gini awa ɗaya bayan faruwarta, ka tambaye shi wa ya auna, kuma a wane ɗakin gwaji. Sannan ka sa wa wayarka tunatarwa ta wata uku, ranar ta zo ka koma shafin gwamnatin jiharku ka tambaya: ina rahoton kwamitin da kuka kafa?