Shekara 21 Bam Na Kwance, Majalisa Na Ina?

Ranar 27 ga Janairun 2002 rumbun makamai na barikin Ikeja ya tashi. Sama da mutum dubu suka rasu, da yawansu nutsewa suka yi a magudanar Oke-Afa garin gudun ceton rai. Ragowar bama-baman da ba su fashe ba kuwa, sai a Oktoban 2023 sojoji suka ƙaddamar da gangamin kwashe su. Shekara 21 fa, jama'a!

Aikin wa ne matsa musu lamba? Sashe na 88 na tsarin mulki ya ba Majalisar Tarayya ikon bincikar duk hukumar da ta ware wa kuɗi, har da soja. Amma da an ce bariki sai kowa ya ja bakinsa, wai sirrin tsaro. Rubabben bam kusa da gidajen mutane, wane irin sirri ne wannan?

Mu 'yan Sheshe kada mu ce Legas da nisa. Barikin Bukavu tuni gari ya cim masa, gidaje ta ko'ina. Sanatan Kano ta Tsakiya, ka ja kwamitin sojan ƙasa ku shiga, ku duba yadda ake ajiyar tsofaffin makamai da yadda ake lalata su, sannan ku karanto mana rahoton a zauren majalisa.