SHARHI: Horar da Ma'aikatan Gini Kan Hawa Sama Ya Fi Biyan Diyya Araha

A ranar 1 ga watan Nuwamba na 2021, wani bene mai hawa 21 da ake cikin ginawa a unguwar Ikoyi ta Legas ya rushe, ya hallaka mutane fiye da 40. Ƙasa duka ta girgiza, aka kafa kwamitin bincike, jaridu suka yi makonni suna magana. Amma akwai wata asarar da ake yi kusan a ɓoye a wuraren gine-gine na Legas da Abuja da Fatakwal da Kano, wato faɗowar ma'aikaci ɗaya daga kan tsani ko rufi ko dandamalin gora. Irin wannan ba ta shiga labaru. A kan ɗauki mutum a kai shi asibiti ko makwanci, a ce tsautsayi ne, kashegari kuma a kawo wani ya ɗauki kwanon siminti ya hau inda wancan ya faɗo.

Babu shakka tsautsayi yana aukuwa, amma mafi yawan irin wannan faɗuwa tana da dalilan da aka sani: tsani da ba a ɗaure ba, katako da ya ruɓe, bakin bene da ba a yi wa shinge ba, ramin matakala da aka bari a buɗe. Wanda ya suɓuce daga tsawon mita uku ba ya cika daƙiƙa ɗaya kafin ya kai ƙasa, don haka ba shi da zarafin kama wani abu. Abin da zai cece shi tilas ne a shirya shi tun kafin ya hau. Tun ran gini tun ran zane.

A nan ne batun horo ya shigo. Sayen kayan tsaro a jibge a sito bai wadatar ba muddin mai amfani da su bai san sirrinsu ba. Ya kamata birkila da kafinta da mai fenti da lebura su san cewa a kan jingina tsani ne ta yadda gindinsa zai nisanci bango da mita ɗaya a kowane tsawon mita huɗu, kansa kuma ya zarce wurin sauka da kimanin mita ɗaya. Ya kamata su san cewa igiyar da aka ɗaura a ƙugu kaɗai tana iya karya bayan wanda ya faɗo, shi ya sa ake amfani da ɗamarar da ke riƙe kafaɗu da ƙirji da cinyoyi gaba ɗaya. Haka nan igiyar ba ta da amfani in an maƙala ta a jikin bututun ruwa ko ƙarfen taga, ko kuma in tsawonta ya fi nisan da ke tsakanin ma'aikaci da ƙasa. Har ila yau, wanda igiya ta tare yana rataye yana buƙatar a sauko da shi cikin gaggawa, domin jini na taruwa a ƙafafunsa har ya suma.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan ilimi wajibi. A Amurka, ƙa'idar hukumar OSHA ta tilasta wa ɗan kwangila ya kāre duk ma'aikacin gini da ke aiki a tsawon ƙafa shida ko fiye, ya horar da shi, ya kuma ajiye rubutacciyar shaida mai ɗauke da sunan ma'aikacin da ranar horon da sa hannun wanda ya horar. Tun daga 1998 ƙasar ta daina amincewa da bel ɗin ƙugu a matsayin abin tare mai faɗowa. Ingila kuwa ta kafa ƙa'idojin aiki a sama a 2005, waɗanda suka fara da umurnin a guje wa hawa ɗungurungum in har ana iya yin aikin daga ƙasa.

Nijeriya ma ba ta rasa dokoki ba. Akwai Dokar Masana'antu ta 1987, akwai Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006, kuma ƙasar ta amince da yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan lafiyar ma'aikata a 1994, ta ƙara da ta 187 a 2022. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashi ga asusun NSITF. Inda gizo ke saƙa shi ne yawancin masu hawa sama 'yan aikin yini ne, waɗanda ƙaramin ɗan kwangila ke kwasowa da safe a bakin titi ya sallame su da yamma. Sunayensu ba sa cikin takardar albashin kowa, saboda haka horo ba ya isa gare su, diyya ma sau da yawa ba ta isa ga iyalansu.

'Yan kwangila suna da hujjojinsu, kuma ya dace a saurare su. Suna cewa tsadar siminti da rodi ta riga ta cinye riba, kuma ba hikima ba ce a kashe kuɗi wajen horar da mutumin da gobe zai koma aikin wani. Wasu kuma suna tsoron kada takardar shaida ta zama wata sabuwar hanyar karɓar na goro, inda za a riƙa sayen satifiket ba tare da an koyi kome ba. Wannan tsoro yana da tushe.

Sai dai in an yi lissafi na ciniki, faɗuwa ɗaya ta isa ta tsayar da aiki na kwanaki, ta jawo kuɗin asibiti da zirga-zirgar 'yan sanda da shari'a, ta ɓata wa'adin miƙa gini, ta kuma zubar da sunan kamfani a idon bankuna da masu ba da kwangila. Kuɗin horon kwana ɗaya ko biyu bai kama ƙafar wannan ba. Bugu da ƙari, kamfanonin da ke zuba kasonsu a Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, suna da damar neman a mayar musu da wani ɓangare na kuɗin in sun gudanar da horon da asusun ya amince da shi.

Saboda haka abin da ya fi dacewa shi ne a fito da katin shaida guda wanda ma'aikaci zai mallaka da kansa, ya tafi da shi duk inda ya sami aiki. Wannan zai warware kukan ɗan kwangilar da ke ganin yana horar wa wani. A gudanar da horon a filin gini, da tsani da ɗamara a hannu, cikin Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka, a kuma gwada mutum a aikace maimakon jarrabawar rubutu, tun da da yawa daga cikin gwanayen magina ba su yi zurfi a boko ba. ITF da majalisar magina ta CORBON da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya suna da hurumin tsara manhajar, ƙungiyoyin birkiloli da kafintoci kuma su ne suka san inda mutanensu suke.

Daga nan sai a ɗaure katin da abin da ɗan kwangila ba ya wasa da shi. Kamar yadda ake neman shaidar ITF da ta NSITF kafin a shiga takarar kwangilar gwamnatin tarayya, haka ya kamata a nemi jerin sunayen ma'aikatan da aka horar. Hukumomin tsara birane na jihohi su sanya shi cikin sharuɗɗan izinin gina bene, kamfanonin inshora kuma su sassauta wa mai bin ƙa'ida.

Masu ba da aikin gini su ma da nasu alhakin. Ɗan kasuwar da ke gina otal ko rukunin kantuna yakan tambayi yawan buhunan siminti da kaurin rodi. Lokaci ya yi da zai ƙara da tambayar ko wane ne ya horar da mutanen da ke kan rufinsa, ya kuma sa amsar cikin yarjejeniyar kwangila kafin ya biya kuɗin somin aiki.