Kafin Ki Bar Lambar Katinki a Kanti

'Yan'uwana mata, kantunan intanet kan nemi mai saye ta bar musu lambar katinta na banki, don kada ta sake rubutawa in ta dawo. Akwai sauƙi, amma a yi hattara. Kantin kirki ba ya riƙe ainihin lambar. Kamfanin da ke karɓar masa kuɗi ne ke adana ta, ya ba shi wata a madadinta, wadda ba za ta amfani ɓarawo ba. Lambobi 3 na bayan kati kuwa, ƙa'ida ta hana ajiye su. In wayarki kowa na taɓawa, har yara, kada ki yarda a ajiye. Kuɗin cefane ba na wasa ba ne. Rigakafi ya fi magani.