HAƊARIN ƘANANAN JIRAGEN SAMA LOKACIN TASHI

Ranar 15 ga watan disamba na shekarar 1995, wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna ya faɗi cikin duwatsun Ayar jim kaɗan bayan tashinsa. Mano Dayak yana ciki, kan hanyarsa ta zuwa Yamai domin shawarwarin sulhu, kuma babu wanda ya tsira. Yau filin jirgin Agadas sunansa yake ɗauke da shi.

Me ya sa lokacin tashi ya fi haɗari? Iskar da ke bin fikafikai ita ke ɗaukar jirgi. A daidai tashi gudunsa kaɗan ne, ƙasa kuwa tana kusa. In matuƙi ya ɗaga hancin jirgin fiye da kima, iska ta saki fiffike, sai jirgin ya kife gefe guda, ba shi da sararin da zai gyara.

A ƙasarmu zafi yana ƙara tsananta lamarin, domin iska mai zafi ba ta da kauri. Filin Damagaram yana kimanin mita 460 bisa teku, amma ranar da zafi ya kai digiri 40, jirgi yana aiki tamkar yana kan tudun mita 1.500. Inji ya rage ƙarfi, gudun tashi ya ƙara tsawo. In aka haɗa da rairayi da nauyin kaya, fili sai ya ƙare jirgi bai samu iska ba. Haka kuma, in inji ya mutu, matuƙin da ya nemi juyowa baya da sauri yakan kife. Abin da ake koyarwa shi ne ya sunkuyar da hanci ya sauka gabansa.

Wannan magana ta shafi manoman Kance da Matamai. A shekarun fara, kamar 1988 da 2004, ƙananan jirage ne suka yi feshin magani a ƙasar nan, cike da lodi, sau da yawa daga filayen turɓaya.

Saboda haka hukuma ta tabbata ana auna kaya da fasinja, ana tashi da sanyin safiya. Hakimai da masu gari su hana yara da dabbobi ratsa fili. Babban ma'aikaci kuwa, in matuƙi ya ce a rage kaya ko a jira rana ta yi sanyi, kada ya matsa masa. Taro yana iya jira.