A Cika wa Ma'aikaci Mudunsa

Lokacin da malaman makarantun firamare na Babban Birnin Tarayya suka janye yajin aikinsu, bayan an shafe wata uku da ɗoriya, tun daga ƙarshen Maris har zuwa cikin Yulin 2025, azuzuwa suna garƙame, 'ya'yan talakawan Abaji da Kwali da Kuje da Bwari da Gwagwalada suna gararamba a cikin unguwa, mun lura masu riƙe da al'amura sun yi ajiyar zuciya suna ta yaba wa juna bisa sulhun da aka yi, alhali kuwa abin da ya wajaba su ji a ransu shi ne kunya. Malaman nan ba su roƙi alfarma ba. Sun nemi a biya su mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda Majalisar Tarayya ta zartar, Shugaban Ƙasa ya sa wa hannu tun a watan Yulin 2024, watau haƙƙin da doka ta riga ta tabbatar musu. Kuma idan har a gindin fadar mulki sai an rufe makarantu fiye da kwana 100 kafin a saurari mai haƙƙi, to mai hankali ba ya bukatar a gaya masa halin da malamin ƙauye yake ciki a ƙaramar hukumar da babu ɗan jarida ko ɗaya da ke leƙa ta.

Wannan jarida ta daɗe tana faɗa, kuma ba za ta gaji da maimaitawa ba, cewa ma'aikacin Nijeriya a yau ya fi na jiya shan wahala, ya kuma fi shi ƙarancin lada, duk da cewa adadin da ake rubuta masa a takarda kullum ƙaruwa yake yi. A shekarar 1981, bayan yajin aikin da ƙungiyar ƙwadago ta yi a ƙarƙashin Hassan Sunmonu, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta yanke naira 125 a wata, kuma a canjin wancan zamani kuɗin nan ya kai kimanin dalar Amurka 200. Da aka zo 2011 aka ce 18,000, wanda bai wuce dala 120 ba. A 2019 aka ce 30,000, ya sauko ƙasa da dala 100. Ga shi a 2024 an yi shela da tambura an ce 70,000, wanda a ranar da aka sa masa hannu ko dala 50 bai cika ba. Wanda bai yarda da ma'aunin dala ba, ya auna da man fetur, tunda shi ne ke jan farashin komai a ƙasar nan: albashin 2019 yana sayen sama da lita 200 lokacin da lita take naira 145, amma a ƙarshen 2024, da lita ta kai naira 1,000, sabon albashin lita 70 kaɗai yake saye. A cikin shekarar ne kuma buhun shinkafa ya haura albashin wata guda ɗungurungum, hukumar ƙididdiga ta gwamnati da kanta ta shaida cewa hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin 100.

Waɗannan alƙaluma, da ma'aikaci bai karance su a littafi ba, ya san su a ranar albashi, wadda a da take ranar farin ciki a gidan ɗan ƙwadago, yanzu kuwa ta koma ranar rabon gado. Da zarar waya ta yi ƙara an ce alat ya shigo, kafin magidanci ya isa wurin mai POS, mai shagon unguwa ya riga ya buɗe littafinsa na bashi, ya karanto masa tiyar masara da kwanon gero da man gyaɗa da sabulun da aka ɗiba tun tsakiyar watan jiya. Mai gida yana jiran cikon kuɗin haya, mai kemis yana bin kuɗin maganin zazzaɓin yara, ga kuɗin mota na zuwa aiki da dawowa wanda shi kaɗai yakan lashe rabin abin da aka samu. Kafin mako ya zagayo aljihu ya yi fayau, a sake buɗe sabon shafi a littafin mai shago, a shiga cewa wata ya yi nisa tun yana kwana bakwai.

Malamanmu na fikihu, da suka yi bayanin hukunce-hukuncen ijara, sun shar'anta cewa ladan aiki ya zama sananne kuma a biya shi a kan lokacinsa, hadisin nan na gumin ma'aikaci kuwa babu mai hawa mumbari da bai haddace shi ba. Haka kuma akwai sura a Alƙur'ani mai girma da ta buɗe da narko ga masu tauye awo. Abin da ake yi wa ma'aikacin ƙasar nan bai bambanta ba da aikin mai awon da ya doke gindin mudunsa ya shige ciki, sa'an nan ya riƙa tula hatsi a kansa yana rantsuwa cewa ya ma yi gyara. Hukumar da ta janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, ta saki naira ta faɗi bayan 'yan makonni, ta kuma ƙara kuɗin lantarki, ita ce da hannunta ta rage darajar kuɗin da take biyan mutane da shi, saboda haka ba ta da ikon ta juyo ta yi musu gorin cewa ta ninka musu albashi. Mu dai kiranmu guda ne, a cika wa ma'aikaci mudunsa.

Sa'an nan ga nauyin aikin kansa, wanda ba a cika zancensa ba a teburin shawara. Shekara da shekaru ma'aikatu da yawa ba sa ɗaukar sababbin ma'aikata sai ta bayan fage, wanda ya yi ritaya ko ya riga mu gidan gaskiya ba a maye gurbinsa, likitoci da ma'aikatan jinya kuwa suna ta ficewa zuwa Ingila da Saudiyya da sauran ƙasashe, ya zama aikin mutum uku ya hau kan mutum ɗaya. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwansa a asibitin gwamnati ya ga ma'aikaciyar jinya guda tana zagaya ɗaki cike da marasa lafiya tun daga magariba har wayewar gari, wani lokaci da hasken tocilan waya take neman jijiya. Malamin firamare yakan tsaya gaban aji mai yara fiye da ɗari, rabinsu a zaune a ƙasa, ya yi ta ɗaga murya har ta dishe, in an tashi kuma, maimakon ya zauna ya duba littattafan yara ya shirya darasin gobe, sai ya cire rigar aiki ya karɓi Keke Napep na haya ya yi ta lodi har bayan lisha, domin ya haɗa balas ɗin mai keke ya samu na cefane. Mutumin da ake yi wa haka, in gobe ya yi gyangyaɗi a aji, sai a kira shi malalaci, a kafa kwamitin tantancewa a kansa.

Waɗannan ma su ne masu gata, tunda sunansu yana cikin rajistar gwamnati. Dokar kanta ta tsame duk wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta tsame masu aikin ɗan lokaci da masu karɓar kamasho da leburorin gona na damina, kuma ta wannan ƙofa ce galibin masu neman abinci da guminsu suka faɗo waje: malamar makarantar kuɗi da ake ba abin da bai kai rabin ƙa'ida ba, maigadi da ke kwana a bakin ƙofa, yaron shago, da ɗan kwantiragin da zai shekara goma yana aiki babu fansho babu hutu, ana iya sallamarsa da saƙon waya. Ba mu manta ba, kuma ba mu yafe ba, yadda aka zuba ido masaƙun Kakuri a Kaduna suka mutu ɗaya bayan ɗaya, har da masaƙar KTL wadda aka kafa tun 1957, aka bar ma'aikatanta suna bin haƙƙinsu na sallama har da yawansu suka mutu ba su karɓa ba. Haka masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano suka yi ta rufewa. Tun daga lokacin ne mai neman aiki ya yi yawa, mai bayarwa ya yi kaɗan, har aka kai ga duk wanda ya buɗe baki ya yi ƙorafi a nuna masa ƙofa a ce akwai ɗari a waje suna jira.

Gwamnoni sun ce baitulmali ba zai ɗauka ba, wasu masana kuma suna tuna mana yadda ƙarin albashi na Udoji ya tayar da farashi a 1975, kuma ba mu ce maganar ba ta da ƙamshin gaskiya ko kaɗan ba. Amma hujjar ta rushe tun daga tushe, domin a wannan karon tsadar ce ta riga ƙarin zuwa da fiye da shekara guda, kuma kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru matuƙa tun da aka janye tallafin mai, watau kuɗin da aka cire daga aljihun ma'aikaci a gidan mai shi ne ya koma hannun waɗanda ke cewa babu. Ba mu ji an ce babu ba lokacin da aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya manyan motoci a 2023, ba mu kuma ji ba sa'ad da Sanata Kawu Sumaila ya bayyana a 2024 cewa kuɗin gudanar da ofis da yake karɓa ya kai naira miliyan 21 a wata, abin da ya yi daidai da albashin ƙaramin ma'aikaci na shekara 25. Babu ɗin nan ba ta tasowa sai an zo kan mai share ofis da mai riƙe alli.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne, wannan ba sabuwar mas'ala ba ce. A 1945 ma'aikatan ƙasar nan, Michael Imoudu yana gaba, sun ajiye aiki fiye da kwana 40 a kan kuɗin tsadar rayuwa. A 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu saboda sun nemi haƙƙinsu. A Arewa kuma ƙasƙancin da ake yi wa malaman makaranta yana cikin abin da ya sa Malam Aminu Kano da abokansa suka kafa ƙungiyar malamai a 1948. A wancan lokaci ana iya cewa baƙo ne ke mulki, bai san ciwon ɗan ƙasa ba. Yau kuwa 'ya'yan leburori da jikokin malaman makaranta ne a kan kujerun, su ne suka yi alkawarin ƙarin naira 35,000 na wucin gadi a 2023 suka riƙa biyansa a tsittsinke har bashinsa ya tsallaka zuwa 2025, su ne kuma a wasu jihohi suka ƙi biyan 30,000 na 2019 sai da ranar 70,000 ta ƙarato. Shugabannin ƙwadago su ma suna da nasu kason na laifi, domin sun fara da neman 615,000, suka kashe wutar lantarkin ƙasa baki ɗaya a Yunin 2024, suka ƙare a 70,000, sa'an nan suka bar ma'aikatan ƙananan hukumomi kowa tasa ta fisshe shi.

Saboda haka muna kira, da babbar murya, a biya abin da doka ta yanke, cikakke, tare da ariyas ɗinsa tun daga ranar da dokar ta fara aiki, kuma ya sauka har kan malamin firamare da ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye; tunda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi ya riƙa zuwa hannunsu kai tsaye, babu sauran dalilin da gwamna da ciyaman za su riƙa jefa wa juna laifi. Majalisa ta gyara dokar, ta rufe ƙofar nan ta ma'aikata 25, ta kuma ɗaure albashi da farashin kasuwa a riƙa daidaita shi kowace shekara, domin jiran 2027 a cikin irin wannan tsada hukunci ne mai tsanani a kan iyalin da ba su yi laifin komai ba. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya kuma ta buga sunayen jihohi da ƙananan hukumomin da ba su biya ba, wata-wata, kowa ya gani. In ta ƙi, wannan jarida za ta ci gaba da tambayar ta dalili a wannan shafi har sai an cika wa ma'aikaci mudunsa.