Raddi ga masu cewa Jan Dark tuta ce kawai

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a kan Jan Dark, 'yar manoman nan ta ƙauyen Domremy a Faransa: wai ba ta tsinana komai ba a Yaƙin Shekara Ɗari, mai taɓin hankali ce da fada ta ɗaga kamar tuta, har malaman addininta sun kama ta da bidi'a. Ban yarda da ko ɗaya ba.

Suka ce kwamandoji ne suka yi aikin. To, ina kwamandojin suke tun Oktoban 1428, lokacin da sojojin Ingila suka yi wa Orleyan ƙawanya? Fiye da wata shida suna nan, gari yana neman faɗuwa. Ta shiga ranar 29 ga Afrilu 1429, ranar 8 ga Mayu abokan gaba suka kwashe komatsansu. A harin ganuwar Tourelles da ke bakin Orleyan kibiya ta same ta tsakanin wuya da kafaɗa, aka janye ta gefe aka ɗaure raunin, kafin duhu ya yi ta koma bakin daga da tutarta a hannu. Gaskiya ne, da bakinta ta ce ba ta taɓa kashe kowa ba. Amma ita ta nace a ratsa ƙasar maƙiya zuwa Reims, inda aka naɗa Charles na Bakwai sarkin Faransa ranar 17 ga Yuli. Yarjejeniyar Troyes ta 1420 ta cire shi daga gadon ubansa, kuma duk wanda ya san sarauta ya san ɗan sarki ba ya zama sarki sai ranar naɗi. Wannan hangen nesa ne. Harin da ta kai wa Paris a Satumba bai yi nasara ba, na amince.

Batun hauka kuwa, takardun shari'arta, waɗanda maƙiyanta suka rubuta, su ne suka wanke ta. Alƙalai suka ɗana mata tarko, suka tambaye ta ko tana cikin alherin Allah. In ta ce e, ta yi shisshigi cikin gaibu. In ta ce a'a, ta tona wa kanta rami. Sai ta roƙi Allah ya sa ta ciki in ba ta ciki, ya tabbatar da ita in tana ciki. Yarinyar da ba ta yi karatu ba, a gaban malaman Jami'ar Paris! Duk lokacin da na karanta wurin nan sai jikina ya yi sanyi.

Sai hukuncin, wanda ya fi ci mini rai. Sayen ta aka yi daga hannun mutanen Burgundi, abokan ƙawancen Ingila, bayan sun kama ta a Compiègne a 1430. Shugaban kotun, Bishop Pierre Cauchon, ɗan goyon Ingila ne. Maimakon kurkukun coci a hannun mata, sai aka tsare ta cikin mari, sojoji maza na gadinta, sannan aka mai da kayan mazan da take kare mutuncinta da su laifi. Ta ɗaukaka ƙara zuwa ga Fafaroma, aka toshe kunne. Ranar 30 ga Mayu 1431 aka ƙona ta a kasuwar Rouen, tana da shekara kusan 19, aka watsa tokarta a kogin Seine.

Masu kafa hujja da wannan kotu ba sa son a ambaci ta biyu. Mahaifiyarta, Isabelle Romée, ta kai kuka a 1455, aka saurari shaidu fiye da ɗari, ciki har da abokan wasanta na ƙuruciya da sojojin da suka yi yaƙi tare da ita, kuma a 1456 cocin ya soke hukuncin farko baki ɗaya.